Tulun da Ke Kufai

Kwanan baya jikata Hafsatu ta zo hutu daga Kazaure, ta zauna kusa da ni tana kallon wani wasan Turawa a wayarta, tana murmushi ita kaɗai. Na ce ta matso in gani. Wasu magidanta ne guda biyu, kowa da sandar ƙarfe mai faifai a baki, suna bin gona a hankali. Sandar ta yi ƙara, su tona, su ciro murfin kwalba, su dubi juna, su ci gaba. Ba faɗa, ba gudu, ba kuka. Wai dukiyar mutanen dā suke nema. Na ce mata, "Ai na san su. Modu ne da Sambo. Tun kafin a haifi uwarki aka ba ni labarinsu."

Kakata ce ta ba ni, wadda muke kira Iya. A ƙauyenmu na gindin duwatsun Roni, damina ce lokacin tatsuniyarta. In an ci tuwo an yi isha'i, ruwa na ɗiga daga bunu, sai mu taru a ɗakin girkinta, ta tura kara a murhu, ta jera masara a kan garwashi. Hayaƙi ya kori sauro, mu ma ya sa mu hawaye, amma ba mai fita. Iya ba ta buɗe labari irin na sauran tsofaffi. Sai ta miƙa wa kowa masararsa ta ce, "To, baki ya samu aiki, a ba ni kunne."

Ta ce an yi wasu dattawa biyu a wani gari. Modu Babarbare ne mai ɗinkin hula. Sambo kuwa Bafillatani ne da ya sakar wa 'ya'yansa kiwo. Kun san wasan Barebari da Fulani, kowa na kiran ɗayan bawansa. A bayan garin akwai kufai, inda mutanen farko suka zauna kafin su tashi. Duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi ya wanke ƙasa, da safe sai a ga su biyun sun nufi can, Modu da tsohuwar fartanya, Sambo da ƙoƙo. Su tsinto wuri irin kuɗin dā, da fasassun tukwane, da kashin ƙarfen da maƙera suka zubar, in an yi sa'a da ɗan dutsen wuya guda. Ba sa sayarwa. A zauren Modu suke jerawa a kan tabarma, su wuni suna musu. Gari na yi musu dariya, matansu har sun gaji da faɗa.

Abin da suke nema da gaske shi ne tulun wata tsohuwa, da aka ce ta binne shi cike da murjani ranar da aka bar garin. Sun ma yi alkawari: ranar da suka same shi, su raba wa iyalansu, su rataye fartanya, zuwa kufai ya ƙare.

In Iya ta zo kan musunsu sai ta raba muryarta biyu, ta Modu a maƙoshi, ta Sambo ta hanci.

"Bawana, zo ka gani. Zoben sarauniya."

"Ƙarfen linzamin jaki ne, tsoho. Idonka ya tafi."

"To, jakin sarauniya."

Mu yi ta dariya har masara ta sarƙe wani, Iya ta buga masa baya ba tare da ta tsaya ba.

Akwai wuri ɗaya a kufan, bayan wata kuka, da Modu ba ya yarda su je. Kullum sai ya ce macizai ne a can. Ana nan, ƙafafun Modu suka fara kumbura. Ya bar zuwa kasuwa, ya bar zaman majalisa. Abu ɗaya ke tayar da shi daga shimfiɗa: safiyar da aka kwana ana ruwa, Sambo ya tsaya a ƙofa ya ce, "Bawan nan bai tashi ba?"

Wata safiya Modu ya gaji, ya zauna a kan dutse yana haki. Sambo ya zaga bayan kukar shi kaɗai. Ruwa ya yanka ƙasa a wurin, ga bakin tulu ya leƙo. Ya durƙusa ya tona da hannu. An toshe bakin da hula, ta ruɓe, amma ɗinkin bai ɓace ba, kuma mutum ɗaya ne a garin ke irin wannan ɗinki. Ita ce hular da Modu ya ce maraƙin Sambo ya cinye shekara bakwai da suka wuce, har sai da aka kai masa ƙwaryar nono kafin ya huce.

Sambo ya ɗaga hular. Ga murjani ja wur har wuya. Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya mayar da hular, ya tura ƙasa, ya mirgino dutse ya ɗora.

Da ya dawo, Modu ya ce, "Me ka gani a can, bawana?"

"Macizai. Gaskiyarka."

Modu ya dubi taɓon da ke hannun Sambo har gwiwa. "Da hannu kake kama su?"

"Mu Fulani haka muke."

"To. In an sake ruwa mu gwada gabas."

Nan Iya take ƙare labarin, ta hau tattara totuwa. Ni ce na fi kowa jin haushi.

"Iya, murjanin fa?"

"Yana nan."

"Wa ya ɗauka?"

"Ba wanda ya ɗauka. Ci masararki, ta huce."

Na ce wawaye ne, su biyun. Iya ta ce, "Haka mutanen garin ma suka ce." Ban yafe mata wannan ƙarshen ba. Da na girma na fara ba nawa 'ya'yan, sai na gyara shi: aka tono tulu, aka yi kiɗa, kowace mace ta sha murjani. Kuma ba wanda ya taɓa cewa ban iya ba da labari ba.

Yanzu maigidana ya rasu, 'ya'ya sun watsu, wani na Babura, wasu na Kano. Ni da maƙwabciyata Talatu muka rage cikin tsofaffin unguwar. Kullum bayan azahar sai ta shigo da mazarinta, mu zauna a inuwa muna kaɗi. Wa ke sayen zaren hannu yau? Gwado ɗaya muke tara wa zare, za mu kai wa wani tsohon masaƙi a wajen Gwiwa. Yara na wucewa suna mana dariya. Ɗan Talatu ya daɗe yana son ya ɗauke ta ta koma wurinsa a Kano, ta ce masa ranar da zaren ya cika za ta bi shi.

A wurina ake ajiye zaren. Tun bara ya isa gwado, har da ragi. Na sani, ta sani, ba wadda ta ce uffan.

Watan jiya ɗan ya zo da mota. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Inna, ke za ki faɗa mini gaskiya. Zaren nan bai cika ba har yanzu?"

Na dubi Talatu. Ba ta ɗago ba, tana ta murza mazari, amma na ga zaren ya tsinke a hannunta, abin da ban taɓa gani ba. A nan na gane Iya ba ta rage komai a labarinta ba, ni ce na yi ƙari. Shekara sittin ina tausayin murjanin da aka bari a ƙasa, ban taɓa tunanin wanda zai tsaya a ƙofar Modu da safe ba.

Na ce, "Da saura, ɗana. Audugar bana ba ta da kyau."

Ya dube mu, ya ce to, zai aiko mana da mai kyau daga Kano.

Talatu ta ƙulla zarenta ta ce, "Kada ka yi sauri."