Kujerar da Oga Niko bai ja ba

Ƙarfe shida da rabi na safe Oga Niko yake isowa garejinsa da ke Karewa, a ƙasa, da ledar ƙosai a hannu. Nicodemus ne sunansa, amma a Jimeta in ka ce Nicodemus sai ka ƙara bayani. Bakanike ne, gajere, mai furfura, ya haura shekara arba'in yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane. Da ya iso sai ya share gaban rumfa, ya bi motocin da suka kwana yana leƙa ƙasansu don ya ga wadda ta zubar da mai ko ruwa. Ranar Asabar kuma akwai ƙarin aiki ɗaya. Yakan ɗauki wani tsohon filo a kan benci, ya wuce can ƙuryar gareji, ya yaye tamfol daga kan wata mota Golf ruwan toka, ya tokare bayansa da filon, ya tayar da ita. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana haka. Ƙarshen watan nan zai rufe garejin ya koma gida Numan don idanunsa sun gaji, shi ya sa nake son in faɗi abin da na gani tun yana kusa da mu.

Wajen sayen mota na san shi. Duk mai son sayen ta hannu a unguwarmu, shi ake cewa ya ɗauka ya duba masa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: da sassafe ake zuwa, kafin dillali ya tayar da motar. Yana isa sai ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet. In ya ji ɗumi, ko muƙulli ba zai karɓa ba, sai ya ce a dawo gobe. A cewarsa injin da ya kwana ba ya iya ɓoye ciwonsa, wanda aka riga aka ɗumama kuwa an koya masa abin da zai faɗa.

Ni dai ban ji ba. Shekarar da na yi ritaya na ga wata jar mota tana ƙyalli, na kai shi, ya taɓa bonet ya ce mu tafi. Da yamma na zagaya ni kaɗai na biya, wai kada wani ya riga ni. Kwana tara ta yi min. Da aka jawo ta garejinsa da igiya ina jiran ya ce ai ya faɗa min, sai kawai ya miƙo min benci ya tambaye ni ko na karya. Tun daga ranar motar nan ta mai da ni ɗan gareji, na fi wasu ma'aikatan zuwa a kan lokaci. Dalilin da ya sa ke nan labarin Golf ɗin nan a gabana aka yi shi.

Mai ita Malam Usaid ne, malamin sakandare a Mubi, dogo ƙwarai, irin mutanen da sai sun sunkuya suke shiga shago. A 2013 ya zo Jimeta sayen mota, kuma shi ya fi ni hankali. Safiya uku a jere suna fita da Oga Niko, suna taɓa bonet suna dawowa, sai a ta huɗu suka samu wannan da sanyinta. Oga Niko ya saurari injin, ya dubi hayaƙin salansa, ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya ce a biya. Daga nan duk bayan wata uku Malam Usaid yakan taso tun daga Mubi ya kawo ta juyen baƙin mai, ya ce ba ya son wani hannu ya taɓa ta.

Ƙarshen Oktoba na 2014, da 'yan bindiga suka shiga Mubi, Jimeta ta cika da mutane. Da hantsi Golf ɗin ta shigo gareji tana tururi. Sun biyo hanyar daji, dutse ya fasa lagireto, suna tafe suna ɗura mata ruwa har suka iso. Mutum tara na ƙirga sun fito daga cikinta. Akwai matarsa Khadijah, da 'yarsu Yusrah mai shekara tara, sauran duk maƙwabta ne da ya kwasa a hanya. Mahaifiyarsa ce babu, tana wani ƙauye bayan gari, bai samu ya biya ta wajenta ba. Oga Niko ya ce masa gyaran ba zai wuce gobe ba, ya jira. Malam Usaid ya ce tsohuwarsa ba ta da ƙafa, ba zai iya kwana ba. Ya kai iyalinsa gidan wan matar a Shagari Low Cost, ya dawo ya miƙa muƙulli.

“Oga Niko, riƙe min ita. Jibi zan dawo.”

Washegari kafin azahar an gama gyara. Malam Usaid bai dawo jibi ba, kuma har yau babu wanda ya zo da labarin da za a riƙe, nasa ko na tsohuwar.

Bayan sati uku Oga Niko ya wanke motar ya aika a kira Khadijah. Ta zo, ta tsaya nesa da ita, ya miƙa mata muƙulli ta ƙi karɓa. Ta ce wanda ya kawo shi zai karɓa. Oga Niko bai ja maganar ba. Ya mayar da muƙullin aljihu ya ce, “To, Maman Yusrah, motan yana nan. Babu abin da zai same shi.”

Wanda bai taɓa riƙe mota ba zai ɗauka ajiya ce mai sauƙi, a rufe da tamfol a manta. Motar da aka ajiye ta fi wadda ake hawa saurin lalacewa. Batir ya mutu, taya ta tsattsage, fetur ya yi tsami a tanki, birki ya kama, ɓera ya cinye waya. Ga zafin Yola na watan Afrilu, wanda yake fasa robar gaban mota kamar busasshiyar ƙwarya. Oga Niko ya yi mata rumfa ta kanta. Duk Asabar ya tayar da ita, ya zaga da ita cikin gareji sau uku ko huɗu don giya da birki su motsa. Duk shekara ya juye mata mai ko ba ta je ko'ina ba. Da tayoyin suka tsufa ya nemo wasu ya sa. Fetur ya yi tsadar da har masu motoci suka koma hawa keke, shi bai fasa zuwa da 'yar galan ɗinsa ba, kuma ban taɓa jin ya kai wa kowa maganar ba.

Masu so sun zo, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Dillalai sun zo, 'yan kayan gyara sun zo suna cewa a yanka ta a sayar gunduwa-gunduwa. Ni ma, Allah ya yafe min, na taɓa roƙonsa ya ciro min kafireto daga jikinta ya ara wa tawa na sati ɗaya. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Alhaji, in ya zo gobe fa? In ce masa yana jikin motan ka?” Na ji kunya ƙwarai, kwana biyu ban leƙa garejin ba.

Filon nan kuwa na daɗe ina yi masa tsiya a kansa. Kujerar direba tana can baya inda dogon mutum ya bar ta, shi kuma ƙafarsa da ƙyar take taɓa kuloci. Na ce masa ga ƙarfe nan ƙarƙashin kujera, yaro ma ya san a ja. Ya ce ya sani. Ya ce duk Asabar ɗin da Khadijah ta biyo ta layin yana zagaye da motar, takan tsaya bakin gareji ta leƙa, kuma ya lura ba fenti take dubawa ba, kujerar take dubawa. Shi bakanike ne, in ji shi, ba shi ne zai gaya mata mijinta ba zai dawo ba.

Shekaru suka wuce. Dangi suka je gaban alƙali, aka yanke abin da shari'a ta tanada, Khadijah ta yi takaba, aka raba ɗan abin da ya rage. Motar ta faɗo a rabonta da 'yarta. Duk ta amince, amma muƙulli ta ce a bar shi inda yake.

Da maganar rufe gareji ta tabbata, abin da ya dami Oga Niko ke nan. Ba zai tafi da motar Numan ba don ba tasa ba ce, ba zai bar ta a hannun wanda zai gaji filin ba don ya san wata ɗaya ba za ta yi ba. Ya sa rigarsa ta zuwa coci ya tafi Shagari Low Cost da kansa. Ban san abin da suka tattauna ba. Na dai san Yusrah, wadda yanzu take karatun jinya, ta shiga koyon tuƙi a watan.

Asabar ɗin da ta wuce suka zo da safe, uwa da 'ya. Oga Niko bai tayar da motar ba. Ya kama hannun rigar Yusrah ya ce ta taɓa bonet, ta taɓa, ta ce da sanyi. Ya ce haka babanta ya saye ta, haka zai mayar. Ya ba ta muƙulli. Ta shiga ta zauna, ta miƙa ƙafa, ƙafar ba ta kai ba. Ya miƙa mata filon. Ba ta karɓa ba, ta juya tana duban uwarta.

Khadijah ta daɗe a tsaye. Sannan ta tako, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya da na ga ta zo jikin motar, ta dafa ƙofa.

“Ja kujerar, Yusrah.”

Yarinyar ta sa hannu ta ja. Kujerar da ta shekara goma sha ɗaya wuri ɗaya ta taho sumul, ko ƙara ba ta yi ba. Ashe duk Asabar, bayan ya kashe inji, yakan durƙusa ya shafa wa ƙarfen giris. Mota ta tashi bugu ɗaya. Khadijah ta zagaya ta shiga gaba tana share ido da bakin mayafi, ta yi wa Oga Niko godiya da Fulatanci, “Useko, Baba.” Shi kuma ya leƙa ta taga yana gaya wa Yusrah ta riƙa duba ruwa kowace safiya, kuma kada ta bar ta zaune. Ni kam na yi hawaye, ba zan ɓoye ba.

Oga Niko, kai ne ka karɓi ajiyar kwana biyu ka riƙe ta shekara goma sha ɗaya ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Kai ne ka san ranar jan kujerar nan za ta zo, ka shirya mata, amma ka bar mai hakki ta zaɓi ranar da kanta. Mai hannu a bonet, mun gode. Na gode da bencin da ka ba ni ranar da na cancanci faɗa. Allah ya kai ka Numan lafiya, ya ba idanunka sauƙi.

Ku kuma matasan da ke garejojin Jimeta da Yola, ku je ku gaishe shi kafin wata ya ƙare, ku tambaye shi yadda ake yi. Mai sayen mota ya je da safe ya taɓa bonet. Wanda aka ba ajiya ya mayar da ita tana tashi.

Jiya na tarar yana ɗaure kayan aikinsa a buhu. Filon yana kan benci, na tambaye shi ko in sa masa a ciki. Ya ce in bar shi, ya gama aikinsa.