Shirwar Saman Soronmu

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Mahjar a Jidda, wata maƙwabciyarmu 'yar Damagaram ta tashi komawa gida gaba ɗaya. Ranar sallama ta kawo wa mahaifiyata kaza ja, ta ce, "Hajiya, ki riƙe wannan ki riƙa tunawa da ni."

Gidanmu ba tsakar gida, don haka aka kafa akurki a saman soro, gefen tankin ruwa. Ba a daɗe ba kazar ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara. Cikin mako guda shirwa ta sure biyu.

Daga nan mahaifiyata ta koma mai gadi. Ta ɗauki murfin tukunya da ludayi ta zauna a sama, da ta hango inuwar fiffike sai ta hau kaɗawa. Ga ranar Jidda, ga ta da hawan jini, likita ya hana ta zama cikin zafi.

Na ce, "Ummi, halas, ya isa haka, ki sauko. Zan sayo miki wasu kajin."

Ta ce, "Ya waladi, ɗana, a wace kasuwa ake sayar da amana?"

Ni direba ne a lokacin, ina tuƙa kafilina, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamana, a Abhur da ke bakin teku, amma na ɗauki kaina masanin tsuntsaye. Na haɗa mutum-mutumi da sandar tsintsiya, na sa masa tsohuwar jallabiyata, na naɗa masa rawani. Na ce mata an gama.

Kwana uku bayan haka, wani dattijo da ke benen da ke kallon namu ya tare ta a ƙofa. Ya ce, "Hajiya, ɗan nan naki lafiya? Kullum ina ɗaga masa hannu, ko kallona ba ya yi." Ta shigo tana dariya har da hawaye. Ranar kuma da la'asar muka tarar da shirwar zaune a kan rawanin, tana gyaran gashi.

Abokina, wani masunci a Abhur, shi ya fid da ni kunya. Da ya gama yi mini dariya ya jawo tsohuwar raga daga kwale-kwalensa ya ce, "Yalla, ɗauki. Ta daina kama kifi, amma ba ta manta aikinta ba."

Duk ta yayyage, tana ƙarni. Mahaifiyata ta wanke ta, ta kira maƙwabta mata biyu, suka wuni suna ɗinki da shan shayi. Ni na ɗaure ta daga tanki zuwa ƙarfen shanya, tamkar rumfa.

Washegari da hantsi muka laɓe a bakin matakala. Shirwa ta kewaya sau biyu, ta naɗe fiffike ta sulalo. Ragar ta lotsa, ta cillo ta sama. Ta sauka kan katanga tana karkata kai, kamar wadda aka canza wa makullin gida. A ƙasa 'yan tsaki bakwai suna ta tsattsagar shinkafa, ba su ma san an yi ba.

Duk bakwai ɗin sun girma. Amma abin da ya fi zama a raina shi ne yadda daga baya na kama mahaifiyata tana ajiye kayan cikin kifi a kan katanga.

Na ce, "Ummi, ɓarauniyar kike ciyarwa?"

Ta ce, "Wa ya sani ko ita ma tana da bakuna a sheƙa? Na hana ta nawa, ban ce ta kwana da yunwa ba."

Yau ina da nawa 'ya'yan, na gane abin da ake nufi da kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa. Tsare naka ba wuya, ko kaza tana yi. Ka tsare naka kuma ka ji tausayin wanda ya kawo maka hari, wannan har yanzu koyo nake.