Tankin da Babu Kifi

Duk Asabar sai wani mutum ya shigo shagon kifin ado na Noreen, riƙe da 'yar kwalbar ruwa. Dogo ne mai ranƙwafaffun kafaɗu, rigarsa ta sha guga amma wuyanta ya sille. A yatsansa akwai farin shatin zoben da aka cire. Noreen ba ta san sunansa ba. Ta dai san ya kafa sabon tankin kifi a gida yana jiran ruwan ya nuna, domin kifin da aka saka a ɗanyen ruwa, gubar kashinsa ke kashe shi.

Makonni ke nan tana gwada ruwan tana cewa, "Da saura." Shi kuma ya ɗauki hoton jajayen kifaye ya tura wa wani.

Yau gwaji ya fito lafiya lau.

"Malam, ka dafa dutse! Wanne zan kamo maka?"

Bai yi dariya ba. Juya kwalbar kawai yake yi.

"'Yata ce za ta zaɓa, haka muka yi da ita. Shekaranjiya uwarta ta kwashe ta suka koma can jihar Arizona mai nisa. A waya na ji."

Noreen ta ajiye ragar kamu. A ranta tana hango ɗakin haya, injin tanki na ta gurnani shi kaɗai.

"In babu kifi, ruwan zai lalace?" ya tambaya.

"Sai ka riƙa barbaɗa abinci, kada ƙananan halittun da ke tsabtace shi su mutu."

"Wannan kam na iya," in ji shi. "Ciyar da wanda ba na gani."