Bakin kwandon Inna Halime

Duk wanda ya ce na so ƙwace aikin Inna Halime, ƙarya yake. Ku sababbin zuwa, ga yadda aka yi.

A Rajab ɗin bara ina aiki a shagon dabino a Uhudu, nan Madina. Ni ce mai zubawa da aunawa. Inna Halime, tsohuwa 'yar Cadi, tana ɗakin baya tana saƙa kwandunan ganyen dabino da baƙi ke saye. Ka'idar shagon, mudir, wato shugabanmu, yakan duba bakin kowane kwando kafin a zuba komai. In ya warware, an ƙi shi. Idonta ya fara mutuwa, ana ta ƙin nata.

Na ce, "Inna, miƙo nan, ina kallo raina na ɓaci."

"Ke da ba kya iya jiran shayi ya huce?"

Sati uku ina naɗe mata bakin kwandunan a ɓoye lokacin hutu. Ƙanshin jiƙaƙƙen ganyen kaɗai yakan mai da ni rumfar uwata a ƙauyenmu, arewa da Tanut a Nijar, inda mata ke saƙar kaba bayan la'asar. Shekara huɗu ban ga rumfar ba.

Hannuna ne ya tona mu. Inna tana naɗe baki waje. Mu a ƙauyenmu ciki muke lanƙwasawa, don kada rairayi ya maƙale. Ban ma san ina yi ba.

Mudir ya jera kwando biyu a tebur, ya nuna ɗaya. "Ya binti, wannan hannun wa?"

Na ce nawa.

"Halas, shi ke nan. Ke ki karɓi saƙar, Halime ta huta."

Na ce, "Ya mudir, ban iya ba." Ya ɗauka gardama ce. Na ɗauki ganye a gabansa, na juya, na juya, ya ƙi zama. Ban iya fara kwando ba. Kullum uwata ce ke ƙulla min cibiyar kwandon, ta miƙo, in ci gaba. Na yi gaggawar tahowa ban tambaye ta ba. Inna kuwa ko ido rufe tana ƙullawa.

Duk da haka ya sallame ta. Yanzu a roba muke zubawa.

Inna tana unguwar Jurf wajen 'yarta, har yau ba ta ɗaga wayata ba. Ranar Juma'a zan jiƙa ganye in tafi wajenta. In ta kore ni, in zauna a ƙofa.