Azarar ɗakin Hajiya Iya

Akwai wata ranar Asabar da har yau ba ta fita daga raina ba. Lokacin ina aji uku a jami'a, ina karanta zanen gine-gine. Wani ƙaramin kamfani mai gyaran tsofaffin gidaje a cikin gari ya ɗauke ni aikin Asabar da Lahadi. Ba don na iya wani abu ba. Sun ɗauke ni ne saboda ni mace ce, ina iya shiga cikin gida ba sai an kawar da matan gida ba. Aikina in auna kowane ɗaki, in zana a takarda, in kai wa ogana, Injiniya Sabo. Shi ke yanke abin da za a yi, sannan magina su shigo.

Ranar aka tura ni wani gidan ƙasa a Dala. Mai gidan ya ce yaɓe da fenti kawai yake so kafin damina ta faɗi. Na gama ɗakuna huɗu, na shiga na mahaifiyarsa, Hajiya Iya. Na tarar da ita riƙe da tsintsiya tana share bayan gado.

Ta ce, "'Yata, yi haƙuri da dattin nan. Kullum sai na share, kullum sai ya dawo."

Na ce, "Hajiya, daga ina yake zubowa?"

"Daga sama mana. Tun bayan ƙaramar salla."

Na ɗaga kai. Rufin azara ne, wato itacen giginya da ake jerawa a ɗora ƙasa a kai, kuma a ido lafiyarsa lau. Amma da na murza abin da ta tara, sai na ji garin itace gauraye da ƙasa. Na daɗe ina jujjuya waya a hannu, don ni ɗaliba ce, ina tsoron a ce na yi shisshigi. Daga baya na daure na kira oga.

Ya ce, "Rabi, awo na aike ki."

Na ce, "Yallaɓai, na gama awon. Amma tsohuwa ce ke kwana a ƙarƙashin rufin nan."

Sai ya ce, "Tsaya nan. Zan turo Baba Ɗanladi."

Baba Ɗanladi shi ne dattijon maginanmu. Da aka yi masa iso, ya hau tsani yana ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya da guduma. Ta uku ta yi amo kamar ganga. Ya soka mata ƙusa da hannu, ta shige ba gardama.

Ya sauko ya ce, "Gara ta cinye cikinsu. In ruwa ya jiƙa ƙasar da ke sama, ba za su iya ɗauka ba."

Da aka ce ta tashi daga ɗakin, Hajiya ta ce ba inda za ta je, a ɗakin nan ta haifi 'ya'yanta bakwai. Ɗanta ya yi lallashi har ya gaji. Sai na zauna kusa da ita a tabarma, na zana mata yadda ɗakin zai kasance bayan gyara: ga ƙofa inda take, ga gado, ga alkukin jikin bango da take ajiye carbi.

Ta ce, "Ba za ku toshe mini alkukina ba?"

Na ce, "In sha Allahu ko taɓa shi ba za a yi ba."

Kafin la'asar ta koma ɗakin surukarta. Mako uku aka yi ana aikin, kuma oga ya bar ni tare da Baba. A wurinsa na koyi zaɓen azara da gane tsagewar da ke da haɗari. Hajiya ta koma ɗakinta kafin ruwan farko. Da na gama karatu, kamfanin ya riƙe ni.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka zo koyon aiki: idan aka tura ku gida, kada ku yi saurin ciro tef ɗin awo. Ku gaisa, ku zauna, ku saurari mutanen gidan. Ku wuni ɗaya za ku yi a ciki, su kuwa a nan suke kwana.