Sunayen da Haggai Ya Tara

Haggai malamin lissafi ne a wata sakandare a Zuru. Yayansa soja ne, ya tafi Laberiya bai dawo ba, ko gawarsa ba a kawo ba. Tun shekarar 2001, duk Asabar Haggai ke hawa babur yana bin ƙauyukan Danko da Bena da Wasagu, yana tambayar tsofaffi labarin 'ya'yansu da suka mutu a bakin daga: sunan mutum, gidansu, inda aka ce ya faɗi, da kalmarsa ta ƙarshe ranar tafiya. Littattafai goma sha ɗaya ya cika. Da gara ta fara cin su, ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya koya wa kansa rubuta manhaja daga wani littafi marar bango, ya haɗa wadda za ta riƙa zuba sunayen cikin fayil guda.

Matarsa Leah tana taya shi bugawa a wata kwamfutar da ya jona da tasa. Wata rana suka adana aiki a lokaci ɗaya, sunaye biyu suka cakuɗe. Littafin manhajar ya ce maganin haka a kulle fayil, sai mai rubutu ɗaya ya gama ɗayan ya shiga. Ran Lahadi bayan coci Haggai ya zauna gyara. Layin da ke buɗe fayil yana ɗauke da 'yan alamomi masu gaya wa kwamfuta yadda za ta buɗe shi. Wata tana cewa a ƙara a ƙarshe, wata tana cewa a share komai a fara sabo. Ya kwafi misalin littafin yadda yake, bai lura alamar sharewar ce a ciki ba.

Kwamfutar ba ta tambaye shi komai ba. Ya buga suna ɗaya na gwaji, ya buɗe fayil ɗin, sunan nan kaɗai ya tarar.

"Baban Goodness, faifan da ka kwafe sunayen a ciki ka ajiye fa?" in ji Leah.

Ya ɗauko. Damina biyu ya yi a akwati, ya yi fumfuna, ya ƙi karantuwa. Littattafan kuwa, shi da bakinsa ya ce a ƙona ragowarsu kada gara ta ci gidan.

Ya sake bin ƙauyukan. Gidaje da yawa kabarin tsofaffin aka nuna masa. A Bena ya sami wata tsohuwa, Saloma, wadda a da ta ba shi labarin ɗanta har shafi uku. Ya nemi ta maimaita masa.

"Ɗana, ai na ba ka. Da na ga ka rubuta, sai na saki. Yanzu ko garin da ya mutu ban iya tunawa."

Ya ce mata yana dai tabbatarwa ne, komai na nan.

Cikin sunaye ɗari huɗu da 'yan kai, sittin da bakwai ya maido. A 2008 ya daina fita. Ya ci gaba da koyarwa, amma ranar kasuwa ba ya shiga gari, don mutanen ƙauye sukan tare shi su tambaye shi yaushe littafin sunayen da ya yi musu alkawari zai fito.