Kwana Uku a Aji, Kwana Biyu a Tabarmar Kaka

Babanmu mutum ne mai adalci, shi ya sa ya raba ni biyu kamar naman layya. Lahadi zuwa Talata in je makarantar gwamnati a Umdurman, Laraba da Alhamis in zauna gida kakana ya koyar da ni. A cewar Baba ta haka zan fi kowa ilimi. A aji kuwa arba'in da wani abu muke, ni ce ta biyun ƙarshe, ita ma ta ƙarshen ciwo ta yi.

Darasin kaka ɗaya ne tal, hanya. Da sanda yake zana ta a ƙasa: Kano, Maiduguri, Jinaina, Fashir, har bakin teku. Ubansa ya taso daga Kano da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a Umdurman ya ɗan huta. A wannan ɗan hutun aka haifi kaka, aka haifi Baba, aka haife ni.

"Ke amarya," haka yake tsokanata, "kada ki manta, matafiya ne mu. Nan zango ne."

Na haddace tsaf. Ranar da malamarmu ta ce kowa ya rubuta insha'i a kan garinsu, sai na zage na rubuta cewa mu wucewa muke yi, ba mu iso ba tukuna. Ta ji daɗinsa sosai, don har ta karanta wa aji da ƙarfi. Da ta gama ta dube ni ta ce, "To yaushe za ku tashi, mu ba wata kujerarki?"

Aka tuntsire da dariya. Ni da ban taɓa wuce Bahri da ke tsallaken kogi ba, na wayi gari baƙuwa a unguwar da aka binne cibiyata. Na ji kunya, na ji haushin tsohon nan har cikin raina.

Na yi wa Baba kuka kwana biyu, ya yarda in koma aji gaba ɗaya.

Laraba da safe na fito cikin kayan makaranta. Kaka ya riga ya shimfiɗa tabarma, ya share ƙasa. Don ya san na gama da shi, na gaishe shi da Larabci maimakon harshenmu na gida da muka saba.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya amsa da Larabci mai kyau, cikin ladabi, yadda yake amsa wa 'ya'yan maƙwabta.